Abin da Hoton Asibiti Ke Gani a Jikin Yaro

Jariri na faɗowa duniya, da kukan farko yake fara haɗiyar iska. Ba duk iskar da ya ja ke tafiya huhu ba. Wata takan bi hanyar abinci ta sauka tumbi cikin 'yan mintoci, daga nan ta shiga ƙaramin hanji, ta bi lungunansa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa babban hanji, kafin ya cika kwana guda a duniya ta kai dubura. Idan hanyar a buɗe take tun daga baki har ƙasa, iskar za ta kai ƙarshe. Idan kuwa akwai inda halitta ta toshe, nan za ta tsaya ta taru. Hoton eksire babu abin da yake nunawa sarai kamar iska. Shi ya sa likitan jarirai, idan aka ɗora masa hoton cikin jinjiri ɗan kwana ɗaya ko biyu, abin da yake fara nema shi ne inda iskar ta kai, da inda ta kasa wucewa.

Don a fahimci dalilin haka, sai an san yadda hoton yake samuwa. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, wani malamin kimiyya a birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, Wilhelm Röntgen, ya lura da wani irin haske da ido ba ya gani amma yana ratsa takarda da katako da tsoka, shi ne hasken eksire. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan suka fito, ga zobe a yatsa. A 1901 aka ba shi lambar Nobel ta farko a fannin fiziks. Na'urorin yau sun fi tasa inganci nesa ba kusa ba, amma tushen aikin bai sauya ba. A cikin na'urar akwai kwalba da aka zuƙe wa iska, wutar lantarki mai ƙarfi tana harba ƙwayoyinta su daki wani ƙarfe, dukan ne ke haifar da hasken. Ana sa yaro a tsakiya, na'ura ta gefe guda, faranti mai karɓar haske ta ɗaya gefen. A da fim ake sawa, yanzu a asibitoci da dama faranti ne da ke tura hoton zuwa kwamfuta. Inda haske ya ratsa jiki ya isa farantin, wurin ya yi baƙi. Inda jiki ya tare shi, wurin ya fito fari.

Ke nan abin da ake miƙo wa uwa a cikin babbar ambulan inuwa ce. Ƙashi yana tare haske saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, sai ya fito fari. Ƙarfe ya fi shi fari. Iska ba ta tare komai, sai ta fito baƙi. Kitse toka-toka ne mai duhu. Amma tsoka da jini da ruwa da mugunya da hanta da zuciya duk kusan launi guda suke fitowa, kuma nan ne iyakar wannan hoto take. Ba a ganin gefen wani abu sai idan maƙwabcinsa ya bambanta da shi. Zuciya na fitowa ne don tana zaune tsakanin huhu biyu masu cike da iska. Farin da ya rufe gefen ƙirji kuwa, hoto kaɗai ba zai ce jini ne ko mugunya ko ruwa ba, sai an sa allura an zuƙo. Sannan inuwa tana haɗe abin da ke gaba da abin da ke baya, shi ya sa ake ɗaukar ƙashi ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe. Karayar da ta ɓuya a ɗaya takan bayyana a ɗayan.

Mu koma kan jaririn. Akwai wanda ake haifa hanyar abincinsa ba ta haɗe da tumbi ba, ta sauko daga maƙoshi ta tsaya a tsakiyar ƙirji a toshe. Irin wannan yakan faru ga jariri ɗaya cikin dubu uku zuwa huɗu. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai lura: kumfa na fita ta baki da hanci, a share ta dawo, da an sa masa nono sai ya ƙware, ya yi tari, launinsa ya sauya. Sau da yawa ma tun da cikin, ruwan mahaifa ya yi wa uwar yawa, don ɗan tayin ba ya iya haɗiye shi. Gwajin mai sauƙi ne. Ana zura siririyar roba ta baki, sai ta cije a wajen santimita 10 zuwa 12. A ɗauki hoto guda da ya haɗa ƙirji da ciki, sai a ga robar ta tsaya ko ta naɗe a saman ƙirji. Daga nan likita ya duba tumbi. Idan akwai iska a ciki duk da cewa hanyar sama a toshe take, to ƙasan hanyar abincin ya manne da hanyar numfashi, ta can iskar ke bi. Wannan shi ne nau'in da ya fi yawa. Idan cikin fari ne fat babu iska, wani nau'i ne daban, kuma tsarin aikin tiyatarsa daban. Kafin 1941, lokacin da Cameron Haight ya yi nasarar haɗa hanyar a Michigan ta Amurka, kusan duk jaririn da aka haifa haka rasuwa yake yi. Yau ana ceto mafi yawansu a inda kayan aiki suka wadata, muddin ba a yi ta ɗura musu nono da ruwa suna zuba a huhu ba.

Idan toshewar tana gaba da tumbi kaɗan, a farkon ƙaramin hanji, hoton yakan nuna ƙululun iska biyu, babba da ƙarami, sauran cikin kuma babu komai. Babban shi ne tumbi, ƙaramin kuwa guntun hanjin da ya kumbura kafin toshewar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan matsala suna da larurar Down, don haka ganin ƙululun biyu yakan sa a duba zuciya da sauran jiki. Idan toshewar ta yi ƙasa sosai, sai a ga hanji da yawa sun cika da iska sun kumbura. Yawan hanjin da ya kumbura shi ke gaya wa likita nisan toshewar daga tumbi.

Akwai abu guda da nake so kowace uwa da kowace ungozoma da kowace kaka ta riƙe, shi ne koren amai. Tumbuɗin nono fari ba abin tsoro ba ne. Amma jariri ya yi amai kore, wannan ruwan maɗaciya ne, kuma yana nufin wani abu ya tare hanji a ƙasa da inda ruwan ke zuba. Mafi haɗari cikin abubuwan da ke kawo shi shi ne hanjin da bai zauna daidai a mazauninsa ba tun a mahaifa, ya zo ya murɗe a kan jijiyar da ke ba shi jini. Cikin sa'o'i kaɗan hanjin zai iya mutuwa. Abin da ke sa wannan ya fi tsoratarwa shi ne hoton farko yana iya fitowa lafiya lau. A nan ne ake amfani da ruwan hoto, wani ruwa mai tare haske da ake ba jariri ta baki ko ta roba, likita yana kallon tafiyarsa a allo. Inda ya kamata ruwan ya ratsa zuwa hagu sai a ga ya tsaya, ko ya sauka a murɗe. Ganin haka, ɗakin tiyata ake wucewa ko da tsakar dare ne.

Kashin farko ma ma'auni ne. Yawancin jariran da suka cika wata tara sukan yi wannan baƙin kashi mai danƙo cikin awa 24, kusan duka kuma kafin awa 48. Wanda ya wuce haka bai yi ba, ciki na kumbura, ana zargin cutar da Harald Hirschsprung, likitan yara a Kopenhagen ta Denmak, ya bayyana a 1886. Ƙarshen babban hanjin irin wannan yaro ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa hanji ya saki ya tura kashi, sai ya zauna a tsuke. Idan aka ɗura ruwan hoto ta dubura, za a ga siririn wuri a ƙasa, a samansa kuma hanji ya buɗe ya yi girma. Shekaru masu yawa likitoci suna ɗaukar ɓangaren da ya kumbura shi ne mai ciwo, don shi ne ido ke gani ya fita daga siffa. Sai a 1948 Orvar Swenson ya nuna cewa siririn wurin, mai kama da lafiyayye, shi ne ya kamata a cire, kumburarren kuwa lafiyayyen hanji ne da ya gaji da turawa. Har yau hoton nuni kawai yake yi, tabbaci sai an yanki ɗan tsoka daga bangon hanjin an duba a madubin likita. Yara da yawa masu sassauƙan nau'in wannan cuta sukan kai shekara biyu ko biyar ana ta ba su jiƙe-jiƙe da maganin basir, ciki tulele, jiki a rame.

Wani kuma ana haifarsa babu ƙofar dubura gaba ɗaya, kimanin ɗaya cikin dubu biyar. Wannan ba ya bukatar hoto kafin a gane shi, ido ya isa, in dai wadda ta yi wankan farko ta buɗa ta duba. Aikin hoto shi ne ya faɗi nisan ƙarshen hanjin daga fata. A 1930 wasu likitoci biyu, Wangensteen da Rice, suka fito da dabarar riƙe jariri kai ƙasa ƙafa sama don iska ta hau zuwa ƙarshen hanji. Yanzu an fi kwantar da shi rub da ciki a ɗaga ƙugunsa, a manna ɗan ƙarfe a inda ƙofar ya kamata ta kasance, a ɗauka ta gefe. Ba a yin wannan hoto da wuri, sai jariri ya kusa cika kwana guda, domin kafin nan iskar ba ta iso ba, hoton zai nuna tazarar da ta fi ta gaskiya. Idan tazarar 'yar kaɗan ce, ana iya buɗewa ta ƙasa. Idan da nisa, sai a fara fitar da hanji ta gefen ciki, babban aikin ya biyo baya idan ya yi ƙwari.

Akwai kuma jaririn da tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake da ɓula, galibi ta hagu. Hanji ya haura ya cika ƙirji, ya danne huhu, ya ture zuciya zuwa dama. Yaro na haki, ciki a shafe. Hoto guda ya isa a ga baƙaƙen zagayen hanji a inda huhu ya kamata ya kasance.

Duk waɗannan, gano su ba ya bukatar na'ura mai tsada. Abin da ke kashe jariran a ƙasarmu jinkiri ne. Haihuwa a gida ta yi yawa, maijego ba ta fita, a ce a bari a ga abin da hali zai yi, a gwada tofi, a jira bayan suna. Kafin a isa asibitin da ke da likitan tiyatar yara, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, ko babban asibitin Yamai, jariri ya bushe, jini ya gurɓace da ƙwayoyin cuta, huhu ya cika da abin da ya shaƙa. Hoton zai nuna toshewar a rana ta bakwai kamar yadda zai nuna ta a rana ta farko, amma jikin da za a yi wa aikin ba ɗaya ba ne.

Ƙashin yaro kuma wani babi ne, don ba ƙashin babba ba ne da aka rage wa girma. Babban ɓangarensa guringuntsi ne, shi kuwa guringuntsi ba ya fitowa a hoto. A wuyan hannun babba akwai ƙananan ƙasusuwa takwas. A hoton jariri sabon haihuwa ba a ganin ko ɗaya, sai fili. Biyu na farko sukan fara bayyana cikin watannin farko, sauran su biyo baya a jere har kusan balaga. Da wannan jeri ake auna shekarun ƙashi: a ɗauki hoton hannun hagu a kwatanta da kundin hotunan da Greulich da Pyle suka wallafa a 1950. Yaro ɗan shekara goma da ƙashinsa ke nuna shida, akwai abin da ke riƙe girmansa, ko yunwa mai tsawo, ko ƙarancin wani sinadarin jiki. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi kuma akwai faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa, yana bayyana a matsayin baƙin layi da ya ratsa ƙashin. Wanda bai saba da hoton yara ba zai iya cewa karaya ce. Zai iya kuma kallon karayar gaske da ta bi ta wannan layin ya ce lafiya, alhali ita ce mai iya sa ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta karkace bayan shekaru.

Ƙashin yaro yakan karye ne kamar ɗanyen reshe, gefe guda ya tsage, ɗayan ya lanƙwashe bai rabu ba. Irin wannan yana warkewa da sauri, kuma shi ne sirrin yawancin nasarar da ake gani a wajen maɗora. Ba na raina ɗorin gargajiya, mutane sun dogara da shi tun kaka da kakanni. Amma akwai karaya guda da nake roƙon kada a kai ta can kafin hoto: yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko katanga ya dafa ƙasa da hannu, gwiwar hannun ta kumbura. Karayar da ke saman gwiwar hannu tana dab da babbar jijiyar jini. Idan aka ɗaure da kara aka matse a kan kumburi, jini ya yanke, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta a yanke hannun. Likitocin ƙashi a Arewa sun ga wannan har sun gaji da gani. Hoto biyu na 'yan mintoci ne ke bambance wadda ɗauri zai wadatar da wadda sai an saita ta a ɗakin tiyata.

A kan lanƙwasar ƙafar yara, ƙasarmu ta koya wa duniya wani abu. An daɗe ana karantar da cewa laushin ƙashi mai kawo gwame da bakan ƙafa daga rashin bitamin D yake, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. To, ina rashin rana a Najeriya? A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa suka bi yara 123 masu wannan larura, suka wallafa sakamakon a 1999. Abincin yaran bai wuce kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, ga hatsi da yawa, ga ƙarancin madara. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Da hoton wuyan hannu da na gwiwa aka auna warkewar. A ƙashi mai ciwon, ƙarshensa yakan faɗaɗa, ya lotsa, bakinsa ya yi buzu-buzu maimakon layi mai kaifi. Idan magani ya kama, cikin watanni sai a ga farin layi ya dawo. Ma'aunin da suka tsara a Jos don karanta waɗannan hotuna ana amfani da shi yanzu a ƙasashe da yawa. A lura dai, ɗan bakan ƙafa ga yaron da bai kai shekara biyu ba sau da yawa halitta ce, yana miƙewa da kansa.

Gubar dalma ma takan bar alama a ƙarshen ƙashin yara, fararen layuka masu kauri. Amma a annobar Zamfara ta 2010, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya hallaka yara fiye da 400, gwajin jini ne ya tabbatar da cutar, kuma shi ne ma'aunin da ake bi. Haka nan ga masu sikila, waɗanda aka ƙiyasta ana haifar kimanin 150,000 duk shekara a Najeriya, hoton ƙashi yakan makara. Yaro na kukan ciwo, ƙashi ya kumbura da zafi, a ɗauki hoto a ga ba komai, domin ko toshewar jini ce ko ƙwayar cuta ce ta shiga ɓargo, sai bayan kwana 10 zuwa 14 ƙashin ke sauya kama. Likitan kirki ba ya jiran hoto kafin ya fara magani. Amma idan mai sikila ya haɗa zazzaɓi da ciwon ƙirji da haki, hoton ƙirji na gaggawa ne, ana ma iya maimaita shi washegari, don farin da ke nuna toshewar jini a huhu yana bazuwa da sauri.

Hoton ƙirji shi ne wanda aka fi ɗaukar yara, shi ne kuma aka fi kuskuren karantawa. A bayan ƙashin ƙirjin jariri akwai wata tsoka da ake kira taimos, mai horar da ƙwayoyin garkuwar jiki. Babba ce a jarirai, tana raguwa da girma. A hoto takan yi faɗi har a zaci ƙari ne ko zuciya ce ta kumbura. A farkon ƙarni na 20 likitoci a Amurka da Turai sun ɗauka girmanta cuta ce mai shaƙe jarirai, suka riƙa gasa ta da hasken eksire don ta motse. Dubban jarirai lafiyayyu aka yi wa haka, daga baya aka ga sankarar maƙoshi ta yawaita a cikinsu. John Caffey, wanda littafinsa na 1945 ya kafa karatun hoton yara a matsayin fanni mai zaman kansa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa wannan inuwa halitta ce. Ko yau, hoton da aka ɗauka yaro ya karkace, ko a daidai lokacin da ya fitar da numfashi, yakan sa lafiyayyen huhu ya yi fari-fari kamar mai ciwo.

Ciwon nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a duniya a 2019, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, mafi yawan masu ita ba sa bukatar hoto. Ƙirga numfashi ake yi na minti guda: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a duba ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa. Uban da ya ce, "Likita, ba za a yi masa hoto ba?" aka ce masa ba sai an yi ba, ba rowa aka yi masa ba. Ana neman hoto idan ciwon ya yi tsanani, ko an sha magani kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, ko ana zargin mugunya ta taru a gefen huhu, ko ciwon na yawan dawowa wuri guda. A tarin fuka kuwa hoto na da babban matsayi, don ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, ƙwayoyin cutar kuma kaɗan ne a jikinsa, gwaji yakan fito babu alhali akwai. Abin da ake nema a hotonsa ba ramukan da ake gani a huhun manya ba ne, kaluluwa ce da ta kumbura a gindin huhu, wani lokaci ɗigo-ɗigo birjik a huhun duka biyu. Manhajar kwamfuta mai karanta hoton tarin fuka, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, an amince da ita ne a lokacin don 'yan shekara 15 zuwa sama. Idan cutar ta ci ƙashin baya har doro ya fara fitowa, hoton gefe yana nuna ƙasusuwan da suka rushe.

Sai abin da yara ke haɗiya. Kwabo da ƙusa da allura suna fitowa fari tas. Gyaɗa ba ta fitowa, ita ce kuwa ta fi faɗawa hanyar numfashin 'yan ƙasa da shekara uku. Likita yakan gane ta ne daga aikinta: huhu ɗaya ya fi ɗayan baƙi da girma don iska na shiga ba ta fita, ko wani sashe ya motse. Hoton ma yana iya fitowa lafiya. Idan uwa ta ce yana cin gyaɗa ya ƙware ya yi ta tari, maganarta ta fi hoton nauyi, a leƙa hanyar numfashin da madubi. Ƙaramin batirin agogo ko na kayan wasa kuwa, a hoto kama yake da kwabo, sai dai yana da zobe biyu a gefensa. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana fara ƙona ta cikin awa biyu, ba a kwana da shi.

Akwai wuraren da eksire ba shi ne gwani ba. Nakasar zuciya, hoto na iya nuna ta yi girma ko siffarta ta sauya, amma ɓular da ke ciki sai sikanin zuciya, wanda da sauti yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa. Ruwa a cikin kan jariri, ta maɗiga ake leƙawa da sikanin. Gocewar kwatangwalo ta haihuwa ma sikanin ne kafin wata huɗu zuwa shida, don kan ƙashin cinya guringuntsi ne har lokacin. Wannan larura ba ta yawaita a inda ake goyo ba, domin zaman ƙafafu a buɗe a bayan uwa yana taimaka wa ƙashin ya zauna a gurbinsa. Naɗaɗɗiyar ƙafar haihuwa kuwa ido da hannu ke gane ta, filasta ke gyara ta.

Saura batun tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A 1956 Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta nuna cewa yaran da aka ɗauki iyayensu mata hoton ciki suna ɗauke da juna biyu sun fi sauran kamuwa da sankara. Jikin yaro na girma, ƙwayoyinsa na rarrabuwa da sauri, ga shekaru masu yawa a gabansa da lahani zai iya bayyana. Amma a san gwargwado. Kowane mutum yana karɓar kimanin milisibat 2.4 na irin wannan haske duk shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama. Hoton ƙirjin babba bai wuce milisibat 0.1 ba, kwatankwacin abin da jiki ke samu cikin mako biyu, na yaro kuma bai kai haka ba idan an saita na'urar daidai jikinsa. Siti-sikan, wanda ke zagaya jiki yana ɗaukar hotuna yanka-yanka, shi ne mai nauyi: na kai yana kusan milisibat 2, na ciki ya ninka haka. Wani bincike a Birtaniya da ya bi yara da matasa kusan 180,000, aka wallafa a 2012, ya ƙiyasta cewa cikin kowane siti-sikan na kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara goma, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa a shekaru goma da suka biyo baya. Ga yaron da mota ta buge ya suma, wannan haɗari ba abin dubawa ba ne. Ga wanda ya ɗan bugu da ƙofa yana wasansa, ba dalilin ɗaukar sa.

Ɓarnar da ta fi yawa a wurinmu ita ce hoton da aka maimaita ba dalili. Yaro ya motsa, a sake. Wuta ta yi rauni, hoto ya yi duhu, a sake. An saita na'ura da awon babba, ko an haska jikin duka alhali ƙirji ake so. An tura yaro wani asibiti, tsohon hoton na gida a ƙarƙashin katifa, a sake. Iyaye na da hannu a rage wannan. A je wurin da ke da lasisin hukumar NNRA mai sa ido kan irin waɗannan na'urori, da ƙwararren mai ɗaukar hoto. Uwa ko uba su sa rigar dalma su riƙe yaron kamar yadda aka nuna musu, mai juna biyu kuma ta faɗa a ba wani ya riƙe. A tambayi likita abin da yake nema a hoton, da ko sikanin zai wadatar. A gaya wa mai karantawa labarin ciwon duka, yaushe ya fara, me aka ba shi, launin aman, domin likitocin karanta hoto kaɗan ne, masu ƙwarewa a na yara sun fi ƙaranci, sau da yawa ma hoton ta waya ake tura musu daga nesa, ba su ga yaron ba. Duk hoton da aka ɗauka kuma a adana shi da kwanan watansa, a tafi da shi duk asibitin da za a je, saboda likita ya ɗora na watan jiya kusa da na yau ya ga ko farin da ke huhun yana raguwa ko ƙaruwa yake yi.